Karnukan Bincike a Ma'aunin Kimiyya: Abin da Kano Za Ta Samu da Abin da Za Ta Kiyaye

Motar da ta taso daga Maiduguri, Damaturu, Azare ko Dutse ta nufo Kano, galibi sai ta ratso Wudil da Mariri ta faɗo mahaɗar NNPC da ke Hotoro. Daga nan wasu su bi ta Tarauni su shiga gari, wasu su karkata zuwa titin Zariya da tashar Unguwa Uku. A wannan yanki akwai defon mai, da barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, da kasuwar waya ta Farm Centre, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a gefen Gyadi-Gyadi. Jama'a da kaya ba sa yankewa dare da rana, kuma babu hukumar da ke da jami'an da za su kwance kowane buhu su duba.

Wannan ne ya sa hukumomin tsaro a Najeriya ke ƙara karkata ga karnukan da aka horar su shinshino ƙwaya da abubuwan fashewa. Hukumar NDLEA na da sashen karnuka wanda ya samu tallafin gwamnatin Jamus, kuma sanarwarta kan ambaci rawar da suka taka a kamun da ake yi a tashoshin ruwa da filayen jirgin sama. Rundunar 'yan sanda ma na da nata sashen. Hancin kare abin dogaro ne, amma binciken masana ya nuna cewa ingancin aikinsa ya rataya ne a kan abubuwa uku: irin warin da aka koya masa, yanayin da yake aiki a ciki, da tunanin mutumin da ke riƙe da igiyarsa. Duka ukun suna da wata siffa ta daban a Kano.

Abin da ya kawo buƙatar

Dalili na farko shi ne shekarun bama-bamai. Harin 20 ga Janairun 2012 ya ci rayuka aƙalla 185 a Kano. Ranar 28 ga Yulin 2014 wata 'yar ƙunar baƙin wake ta tayar da bam a layin masu sayen kananzir a babban gidan man NNPC na Hotoro. Ranar 28 ga Nuwamban shekarar aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin gari, mutum fiye da 100 suka rasu, sannan a ranar 18 ga Nuwamban 2015 aka kai wa kasuwar Farm Centre. Abin da aka dogara da shi a lokacin shi ne shingen bincike, da buɗe but, da 'yar na'urar nan da ake shafa wa mutum a ƙofar masallaci. Ƙarfe na'urar take ji, ba ta san sinadarin bam ba, kuma kafin ta yi ƙara mai ɗauke da bam ɗin ya riga ya iso tsakiyar mutane.

Dalili na biyu shi ne ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma a Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. A ƙarshen shekarar kuma aka kama wata ɗaliba a Saudiyya saboda jakar tiramadol da wasu ma'aikata suka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano, ta shafe wata huɗu a tsare kafin a wanke ta. Irin wannan lamari ya nuna cewa bincike mai rauni ba masu laifi kaɗai yake bari su wuce ba, har marasa laifi yake jefawa cikin halaka.

Dalili na uku shi ne gazawar na'ura. A 2010 shugaban hukumar sojan Amurka mai yaƙi da bama-baman gefen hanya, Laftanar Janar Michael Oates, ya amince cewa bayan an kashe biliyoyin daloli, kare da mai kula da shi sun fi duk na'urorin da aka ƙera iya gano bam. A ɗaya gefen kuma ga darasin ADE 651, wata na'urar bogi da ɗan Birtaniya James McCormick ya sayar wa Iraƙi da ƙasashe da dama, ciki har da Nijar, da sunan tana gano bam, alhali babu komai a cikinta. An ɗaure shi shekara 10 a 2013. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ba shi damar damfarar gwamnatoci shi ne masu saye ba su gwada na'urar a tsanake ba kafin su saya. Wannan darasi ya shafi karnuka ma.

Yadda hancin yake aiki

Ana ƙiyasta cewa kare na da ƙwayoyin jin wari miliyan 200 zuwa 300, mutum kuwa kimanin miliyan 5 zuwa 6. Amma yawan kaɗai bai bayyana komai ba. Masu bincike a Jami'ar Jihar Pennsylvania, Brent Craven da Gary Settles da abokan aikinsu, sun nuna cewa kare na shinshinawa kusan sau biyar a daƙiƙa ɗaya. Iskar da ya shaƙa tana rabuwa biyu: mafi yawa ta wuce huhu, ɗan kaso kuma ya shiga wani lungu a can bayan hanci inda ƙwayoyin jin wari suke, ya zauna ko da kare ya fitar da numfashi. Iskar da yake fitarwa ta tsagar gefen hanci take fita, sai ta tayar da warin da ke gabansa ta turo masa sabo. Kowace kafar hanci tana ɗaukar nata samfurin, shi ya sa yake gane ɓangaren da warin ya fito.

Abin lura shi ne kare ba ƙwayar kanta yake ji ba, tururin da ke tashi daga jikinta yake ji. Kenneth Furton na Jami'ar Florida International ya gano cewa yawancin karnukan da aka horar a kan hodar ibilis wani sinadari suke bi mai suna methyl benzoate, wanda ke fita idan hodar ta haɗu da danshi. Haka bam ɗin roba na C-4: sinadarin da ke fashewa a cikinsa ba ya fitar da tururi sosai, don haka kare ya fi kama warin abubuwan da aka kwaɓa shi da su.

Wannan yana da muhimmanci ga Kano ta fuska biyu. Ta farko, ƙwayar da ta fi damun Arewa bayan tabar wiwi ita ce ta kantin magani: tiramadol, kodin, da magungunan sa barci. Wiwi na da wari mai ƙarfi, ganowa ba wuya. Ƙwayar da aka rufe a leda mai ƙarfe-ƙarfe a cikin kwali kuwa tururinta kaɗan ne. Ko an horar da kare ya gane ta, ba zai bambance tiramadol mai miligiram 50 da likita ya rubuta wa majinyacin da ya fito daga asibiti ba da mai miligiram 225 da doka ta haramta. Ta biyu, bama-baman da aka sha fama da su a Arewa haɗin gida ne, wani lokaci da sinadarin takin zamani. Binciken Lucia Lazarowski da David Dorman a Amurka a 2014 ya nuna cewa mafi yawan karnukan da aka koya wa warin sinadari guda zalla sun kasa gane shi da aka gauraya shi da wani abu, sai da aka sake horar da su da gaurayen. Kenan karen da aka horar a Turai da bam ɗin masana'anta ba lallai ya gane haɗin da ake yi a nan ba. Idan kuma aka koya masa warin taki ba tare da tacewa ba, to a farkon damina zai tsayar da rabin motocin da ke bin titin Maiduguri. Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Samfurin horo dole ya fito daga abin da ake kamawa a wurin, kuma a riƙa sabunta shi.

Mai riƙe da igiya

A 2011 Lisa Lit da abokan aikinta a Jami'ar California da ke Davis suka buga wani bincike da ya girgiza masu wannan sana'a. Sun gayyato ƙwararrun jami'ai 18 da karnukansu su bincike ɗakuna huɗu. An gaya wa jami'an cewa an ɓoye ƙwaya ko abin fashewa, kuma a wasu ɗakunan an manna jar takarda a daidai wurin. Gaskiyar magana babu komai a ko'ina. A cikin bincike 144 da aka yi, 21 ne kawai aka gama ba tare da an ce kare ya nuna wani abu ba. An samu nunin ƙarya 225, kuma sun fi yawa a wurin jar takardar, fiye ma da inda aka ɓoye nama da ƙwallo don a ruɗi karen.

Ba a ce jami'an sun yi ha'inci ba. Kare dabba ce da ta ƙware wajen karanta mutum: jinkirin taku, jan igiya, inda ido ya tsaya. Tun a 1907 Oskar Pfungst ya nuna haka a Berlin game da wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, ashe yanayin fuskar mai tambaya yake karantawa. Ma'anar wannan a shingen bincike a fili take. Idan jami'i ya riga ya zargi saurayi saboda askinsa, ko Bafulatani saboda shigarsa, ko baƙo saboda harshensa, zarginsa na iya bin igiya ya isa ga kare, kare ya zauna, sai zargi ya koma kamar hujja. Jaridar Chicago Tribune ta bi bayanan 'yan sandan kewayen birnin a 2011 ta gano cewa kashi 44 cikin 100 na nunin karnuka ne aka samu ƙwaya ko kayan shanta, amma ga direbobi 'yan asalin Latin Amurka kashi 27 ne kawai.

Wuri ma na da tasiri. Tadeusz Jezierski da abokan aikinsa sun gwada karnukan 'yan sandan Poland sau 1,219 suka buga sakamakon a 2014. Gaba ɗaya karnukan sun yi daidai a kashi 87.7 cikin 100, sun yi nunin ƙarya a kashi 5.3. Amma da aka koma binciken cikin mota, daidaiton ya sauko zuwa kusan kashi 58. Wannan a ƙasa mai sanyi ne, a gwajin da aka tsara. Tashar mota a Kano kuwa tana da hayaƙin tifa, da warin fetur, da daddawa, da busasshen kifi, da awaki a saman kaya.

Bazara, hunturu da kaska

Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake sanyaya jikinsa. Kuma ba zai yi haki da shinshina a lokaci guda ba, domin iskar haki ta baki take bi. Irit Gazit da Joseph Terkel na Jami'ar Tel Aviv sun nuna a 2003 cewa karnukan neman bam da suka gaji suna haki sun fi jinkiri kuma sun fi kuskure, ko da yake horo a irin wannan hali ya rage matsalar. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa, har ta ƙona tafin kare. Yawancin karnukan da ake shigo da su, irin su German Shepherd da Malinois da Labrador, asalinsu ƙasashen sanyi ne. A hunturu kuma matsalar ta juya: iska ta bushe ƙarau, hazo ya cika gari, alhali sai wari ya narke a danshin cikin hanci kafin kare ya ji shi. Ko a wuri mai daɗi ƙa'idar aikin ita ce minti 20 zuwa 30 sannan hutu. Wanda ya ɗaure kare a shinge tun hantsi har la'asar tsoratarwa kawai yake yi, bincike ya daɗe da tsayawa.

Sai lafiya. Cutar da kaska ke yaɗawa mai suna ehrlichiosis ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam, kuma German Shepherd ya fi kowane iri jigata da ita. Wani binciken Jami'ar Auburn na 2016 ya gano cewa rabin karnukan neman bam da aka ba metronidazole, wato Flagyl da kowa ya sani, ƙarfin jin warinsu ya ragu. A ƙasar da ake sayen wannan magani a kowane kemis idan ciki ya ɓaci, mai kula da kare na iya dushe hancin karensa da kyakkyawar niyya, kuma ba abin da zai nuna masa a zahiri, domin karen zai ci gaba da aiki yana kaɗa jela.

Sakamakon: riba da hasara

Ribar a bayyane take. Kare na kewaye mota cikin 'yan mintuna, ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya karɓar na goro. Jami'ar Auburn ta ma samar da tsarin horo mai suna Vapor Wake, inda kare ke bin sahun tururin da mai ɗauke da bam ya bari a iska yayin da yake tafiya cikin taro, wanda shi ne irin barazanar da gidan mai da kasuwa suka fuskanta. Amfanin ya wuce tsaro: a 2018 masu bincike ƙarƙashin Steve Lindsay na Jami'ar Durham sun ba karnuka safar da yaran Gambiya suka kwana da ita, suka gane kashi 70 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da kashi 90 na waɗanda ba su da ita.

Hasarar kuwa a lissafi take ɓoye. A ƙaddara jaka 1,000 ne a tasha, 5 daga ciki na ɗauke da ƙwaya, kuma karen ƙwararre ne mai gano kashi 90 da kuskuren kashi 5 kacal. Zai kama jaka 4 ko 5 na gaskiya, amma zai zauna a gaban wasu kusan 50 da ba komai a cikinsu. Wato cikin duk mutum 11 ko 12 da ya nuna, ɗaya ne mai laifi. Makamancin haka ya faru a jihar New South Wales ta Ostireliya, inda rahoton mai binciken ƙorafin jama'a na 2006 ya duba nuni 10,211 ya samu cewa kashi 26 cikin 100 ne kawai aka samu ƙwaya. Wani ɓangare na wannan ragowar wari ne, domin kare na jin abin da aka ɗauke tun jiya. A motar haya da fasinja ɗari suka shiga a mako, ko Adaidaita Sahu da ke hannun direba biyu, ragowar wari ba ya nuna mai laifi. A wurin da kamu kan zo da mari, da kwana a bayan kanta, da kuɗin beli, da zubewar mutunci a unguwa, kuskuren kashi 5 ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma batun karɓuwa. A mazhabar Malikiyya da Kano ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malaman mazhabar na ɗaukar wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai a matsayin bin umarni, ba don ƙazanta ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, hadisi kuma ya yi rangwamen ajiye kare don farauta, kiwo da gona. Duk da haka, a al'ada mutane da yawa ba za su ji daɗin kare ya tura hanci cikin jakar da ke ɗauke da sallaya, Alƙur'ani ko abinci ba, balle ya shinshina jikin matar aure a bainar jama'a. Hukumar da ta yi biris da wannan za ta rasa haɗin kan mutanen da take son karewa.

Abin da ya kamata a yi

Mafita ta farko ita ce gwajin da ba wanda ya san amsarsa: wanda ya ɓoye samfurin ya bar wurin, jami'i da mai sa ido duk ba su san inda yake ba, kuma a riƙa haɗawa da zagayen da babu komai, don kare da mai shi su saba da cewa rashin samu ma sakamako ne. A yi gwajin a tasha da rana, a bazara da hunturu, ba a filin horo da sanyin safiya kaɗai ba. Ta biyu, kowane kare ya samu littafinsa: sau nawa ya nuna, sau nawa aka samu, ƙarfe nawa, wane magani yake sha. Ta uku, a riƙa ɓoye masa samfuri a wurin aiki lokaci-lokaci, domin bincike a Isra'ila da Ingila ya nuna cewa karen da ya daɗe bai samu komai a wuri ba yakan daina neman gaske a wurin. Ta huɗu, nunin kare ya tsaya a matsayin dalilin buɗe kaya cikin mutunci. Hujjar kotu sai abin da aka gani da ido kuma ɗakin gwaji ya tabbatar.

Kimiyya ta kuma samar da hanyar da ta dace da zafi da al'adarmu a lokaci guda. A Ingila da Faransa ana zuƙo iskar cikin kwantena ta wani matacin wari, a kai wa kare a ɗaki mai sanyi ya shinshina. Kare bai taɓa kayan kowa ba, bai ga fuskar mai kayan ba, jami'insa ma bai gani ba. Irin wannan tsari zai yi amfani a tashar tsandauri ta Dala da sashen kaya na filin jirgi.

Masanan da za su yi aikin suna kusa. Akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924, da masana sinadarai a Jami'ar Bayero. Su ne za su auna awa nawa kare ke iya aiki a watan Afrilu, da yadda hazo ke rage masa ji, da ko karnukan mafarautanmu, waɗanda suka saba da zafi da kaska, za su iya wannan aiki kamar yadda sojan Indiya suka gwada nasu karen gida na Mudhol. Duk hukumar da ke neman kuɗin jama'a don sayen karnuka, ya kamata majalisa ta nemi ta kawo sakamakon gwajinsu a ƙasarmu, da adadin mutanen da aka tsayar ba a samu komai a wurinsu ba, kafin a sa hannu a kasafin.